In maso ya ci abans ya bar maka gida a kware

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini tada hankali, duk wanda ya taɓa yi a Yamai ya sani. Sabon gini in maso ya ɓace, fili ne can bayan gari ke zaune da rabin bango, za ka ji haushi amma za ka yi barcinka. Gyara kuwa kana cikin gidan kai da iyali, an kware tol ɗin ɗaki biyu, an fasa dush an tone tiyo, katifu da kwanukan uwargida na jibge a baranda an lulluɓe da tamfol, yara na tsallake tulin yashi in za su lakwal, sannan mutumin da ya karɓi aikin tun ran Litinin wayarshi ba ta shiga, in ta shiga ma sai shi ce "Alhaji ina bisa hanya", hanyar da ba ta ƙarewa.

Kafin ka hau zagi ka fahimci yadda sana'ar ke tafiya, don nan ne za ka ga inda ake riƙe mutum. Yawancin masu karɓar irin wanga ƙaramin aiki ba kamfani ba ne, shef maso ne da yaranshi huɗu ko biyar da babur, jari kuwa babu ko na dala. Shantiye ukku ko huɗu gare shi lokaci guda, ɗaya Bobiyel ɗaya Talaje ɗaya can Harobanda ƙetaren gulbi. Abans ɗin da ka ba shi ran Asabar wallahi sau da yawa ba gidanka ya shiga ba, ya tafi toshe bakin wani maigidan da ya fi ka masifa, kamar adashen da anka sa ka ciki ba da saninka ba, kai ka zuba wani ya kwasa. Ba lalle ɓarawo ne ba. Amma da safe in ya tada babur, inda kuɗɗinshi sunka rage nan shike nufa, inda ya riga ya cinye kuwa sai ran da Allah ya yi. In ka biya 80 cikin 100 aiki na kan 40, ba abin da zai jawo shi gidanka sai kunya da tsoron Allah, su kuma ba kullum suke tashi da mutum da safe ba. Aikinka yanzu ka juya lissafin, aiki shi shiga gaba kuɗɗi su biyo baya.

To rufe aljihu, yau ba gobe ba. Zai dawo, kusan kullum suna dawowa, kuma da labari zai zo, an yi mishi rasuwa ƙauye, mai kamyon yashi ya cuce shi, yara sun tafi shuka, ƙarfe ya hau a kasuwar Katako, "ƙara mini jikka ɗari in ɗauko kaya gobe-goben nan mu gama maka kafin Juma'a". Wasu labaran gaskiya ne fa, misali zancen shuka, da ruwan farko ya sauka wajen watan Yuni leburori da yawa na komawa gona. Ka yi mishi gaisuwar rasuwa yadda ya kamata, in kana da hali ka ba shi na sadaka daga aljihunka, amma kada ka gama shi da kuɗɗin aiki. Amsa ɗaya ce, "Shef, ba ni ƙara komi sai mun zauna mun yi lissafi." Kada ka ja bayani, da ka ja an shiga ciniki kenan. Kuma ka gaya wa mutanen gida, don wasu in sun ga Alhaji ya ƙi sai su bi ta wajen Hajiya da rana tsaka lokacin kana wurin aiki.

Lissafin nan shi ne mutane ke wa kasala alhali duk ƙarfinka cikinshi shike. Ɗauki kaye da bik. Shafi guda duk abin da ka ba shi, rana da adadi da ta inda ka ba shi, in ta Nita ko Amana ko Airtel Money ka aika to resi na nan, in hannu da hannu ne ka tuna wa ke wurin. Saƙonnin muryar da shike aiko maka shina cewa "na karɓa, gobe ina nan" kada ka goge ko ɗaya. Shafi na biyu abin da ke ƙasa, wanda ido ke gani, da hoto da bidiyo ɗaki-ɗaki har tulin yashi da buhunan da sunka rage. Shi wannan kada ka yi shi kai kaɗai in ba sana'arka ba ce, kuma kada ka kira wani maso, maso bai taɓa yabon aikin maso ba, zai ce maka komi ruɓaɓɓe ne don shi gaji aikin. Nemi teknisiye na gini, irin yaran da sunka fito EMIG ko wata makarantar fasaha, ka biya shi kuɗɗin yini guda shi zo da metir shi auna shi rubuta shi sa hannu.

Kai ma akwai abin da ya kamata ka riƙe a ka don kada a yi maka rufa-ido. Ton guda na siminti buhu 20 ne, kowane kilo 50. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta ƙayyade kuɗɗin ton na siminti mai lamba 32.5, jikka 55 a Yamai, jikka 51 a Tawa da ke kusa da masana'antar Malbaza, amma kasuwa na motsi, don haka ka taka da ƙafarka ka tambayi masu shago biyu ukku, kada ka tsaya kan abin da debi, takardar ƙiyasin kuɗɗin aiki, ya ce. Bulo na 40 bisa 20, guda 12 da rabi ke rufe metir kare na bango, ka ce 13 saboda fashewa. Bango mai tsawon metir 10 tsayi metir 3 ba shi cin fiye da bulo 400, in an rubuta maka 700 to sauran na wani gida ne. Beto na poto da shenaj (ɗamarar beto da ƙarfe da ke ɗaure bango) da dal (rufi ko daɓen beto), buhu 7 ake sa wa metir kib guda. Ƙarfe sanda guda metir 12 ce kuma tana da nauyinta, na 8, wato mai kaurin milimita 8, wajen kilo 4,7, na 10 wajen kilo 7,4, na 12 wajen kilo 10,6. Akwai ƙarfen da ake sayarwa da sunan 10 alhali siriri ne bai kai ba, maso ya sani sarai, shi karɓi kuɗɗin cikakke shi sayo siririn. Sikeli na raba gardama.

Sai zama. Wa ya kawo maka shi? Don a garin nan ba wanda ke tsintar maso a hanya, ko surukinka ne ya ce "ga yarona", ko abokin aiki, ko limamin unguwa. Ka same shi har gida, ka gaishe shi, ka nuna mishi kaye ba hayaniya, ka ce "Baba, yaronku ne, ban so in kai maganar ko'ina ba ku sani ba." Nan ne abin ke yi wa mutane nauyi, da yawa sun gwammace su yi asarar rabin miliyan da a ce sun tona asirin yaron suruki, sai su yi ta cizon yatsa cikin ɗaki suna gaya wa matansu. Ni ban ga ladabi cikin wannan ba, dattijon da ya kawo shi ma sunanshi ne ke ɓaci, gara shi ji daga bakinka da shi ji wajen 'yan fada. Ku zauna ku ukku ko huɗu, amma ba gaban leburorinshi ba, don in ka ci mishi fuska gaban yaranshi ko ya dawo da baƙin rai zai yi sauran, kuma bangonka ne zai biya. Ka karanta, na ba ka kaza, teknisiye ya auna aikin kaza, tsakani kaza. Sannan ka yi shiru ka bar shi shi yi magana har shi gama.

Ka saurara da gaske fa, don wani lokacin shina da gaskiya. Tsohon gida ba a san cikinshi sai an buɗe. A kankare shafe a tarar bangon laka ne anka shafe da siminti, a kware palafon a tarar gara ta cinye katako, tiyon ƙarfe na zamanin da ya yi tsatsa har ƙasa. Wannan ba shi cikin debi na farko kuma ba laifinshi ba ne. Haka in kai ne kullum da sabon tunani, yau a matsar da ƙofa, gobe Hajiya ta ga wani karo gidan biki a canza, ko ka yi mishi alkawarin ƙarshen wata albashi ya yi latti, to ka amsa naka ka sa shi cikin lissafi. Wanda ba a karɓa shi ne ƙarin da ba a faɗa ba sai bayan an yi.

In an daidaita kada a tashi da "to shikenan Allah shi kiyaye gaba". A rubuta. Ba sai takardar lauya ba, shafi guda ya isa, da Faransanci ko da Hausa, muddin kowa ya san abin da ya sa wa hannu. Sunanshi cikakke yadda shike bisa katin ɗan ƙasa, da fotokofin katin a liƙe, da unguwar da shike kwana, ba lambar waya kaɗai ba don sim ana jefarwa. Adadin da ya riga ya karɓa shi amsa da hannunshi. Sauran aiki ɗaya bayan ɗaya da awonshi, ba "gama dush" ba, a'a, tiyon ruwa, tiyon fita zuwa fos, karo na ƙasa metir kaza, na bango tsayi kaza, kafa wese da lababo, kowane da ranar gamawa. Kuɗɗi kashi-kashi, kowane kashi sai an gama an duba, kuma ƙanana, na kwana ukku zuwa mako, mutumin da ya taɓa saɓa alkawari ba a sake ba shi dogon zango. Ka riƙe 10 cikin 100 har bayan an gama. A rubuta cewa in ya yi kwana kaza bai zo ba babu dalili kana da damar kawo wani a cire daga nashi. Shaidu biyu su sa hannu, sannan ku tafi tare meri ko komisariya a tabbatar da sa hannun, ɗan kuɗɗin tambur ne. Za ka ga yadda fuskar mutum ke canzawa in ya ga tampo ya sauka bisa sunanshi.

To in lissafi ya nuna ya ci gaba da yawa fa, aikin da ya rage ya fi kuɗɗin da sunka rage? Nan sai dabara. Kowa ya ci ladan kuturu dole shi yi mishi aski, gaskiya ne, amma in ka ce shi yi kyauta har shi biya ba zai iya ba, yaranshi kullum ake sallamarsu kuma ba su zuwa da yunwa. Sai ka raba. Kuɗɗin leburori na yini kai ka ba su hannu da hannu da marece gabanshi a rubuta, ladan shi shef ɗin ne ke tafiya cikin bashi har shi cike. Za ka ji kamar kana biya sau biyu, eh akwai ɗan haka, amma ko banza ka huta da ranar da samari biyar za su tsaya maka ƙofar gida suna cewa mako biyu ba a biya su ba, unguwa na kallo.

Kaya kuwa daga yau kada ka sake ba shi kuɗɗin saye. Shi rubuta abin da shike so, ka je Katako da kanka, in dole sai da shi don ya fi ka sanin kaya to ku tafi tare amma kai ka biya kai ka karɓi faktir, don wasu suna da nasu kaso wurin masu shago kuma daga aljihunka shike fita. Siminti cikin ɗaki mai makulli, bisa katako ba bisa ƙasa ba, makulli hannun mutum guda. Da safe a fidda na yini, da marece a ƙirga buhunan banza. Yashi da tsakuwa ka kasance wurin in kamyo ya zo, ka leƙa ciki kafin shi juye.

Mutumin da anka matsa wa lamba hanzari zai yi, kuma cikin abin da za a rufe shike ɓoye hanzarin. Don haka ba a rufe komi sai ka gani. Ƙarfe kafin a zuba beto ka ƙirga sanduna ka ɗauki hoto. Tiyon ruwa kafin a sa karo a toshe bakuna a saki ruwa shi kwana, ka rufe duk famfunan gida ka duba kwanter, in tana juyawa akwai yoyo wani wuri. Wuta, waya 1,5 ta fitilu ce, 2,5 ta piriz, kilima kuwa layinta daban da disjonktarta daban, kuma komi cikin tiyon roba. In anka ja maka kilima da siririyar waya, watan Afrilu in zafi ya haura 40 an kunna komi na gida, nan ake jin ƙaurin roba. Bulo in nan gida ake bugawa, buhu guda kada shi wuce bulo 30 mai rami na kaurin santimita 15, akwai masu fidda 50 su ce maka tattali sunka yi maka, ɗauki guda da ya bushe ka sake shi daga tsayin ƙugu, in ya watse gari to ka san abin da ke bangonka. Ban-ruwa mako guda safe da marece, ga bulo ga beto ga shafe, a zafin Yamai in ba a yi ba tsagewa ba makawa, kuma wannan ba sai maso ba, yaron gida ma na yi. Dal kada a cire mata katako da tokara kafin kwana 21, beto sai kwana 28 shike kai ƙarfinshi. In ka ji shina matsa a cire ran na goma, katakon shike so shi kai wani shantiye, ko hayarshi ce ke cin shi.

Yanzu wanda ya ƙi zama sam, ko ya sa hannu ya sake ɓacewa. Hawa-hawa ake bi. Mai unguwarsu tukun, sarakunan gargajiya doka ta ba su ikon sasanta mutane, kuma mutum na jin nauyin a kira shi ƙofar mai unguwa gaban waɗanda shike sallah da su. In bai yi ba sai wisiye, jami'in shari'a mai kai takardun kotu. Aiki biyu zai yi maka, shi zo gidan shi ga halin da aiki ke ciki shi rubuta konsta, wato takardar shaidar abin da ya gani, da hotuna, sannan shi kai mishi takardar gargaɗi ta ƙarshe, ta kwana 8 ko 15, ko shi dawo aiki ko shi maido kuɗɗi. Ka tambayi kuɗɗin wisiye tun kafin shi taso. Konstar nan a yi ta kafin wani maso shi taɓa ko bulo guda, don da sabon hannu ya shiga tsohon zai ce aikinshi lafiya lau ya bari wancan ne ya ɓata, kai kuma ba ka da abin nunawa.

Komisariya mutane ke fara rugawa, amma ka san abin da za ka tarar. Jinkirin aiki ko aiki maras kyau ba laifin ɗauri ba ne, rigimar kwantara ce, kotu za a tura ka. Inda zance ke canzawa shi ne in ka ba shi kuɗɗi don shi sayo abu takamaimai, jikka 400 na tol misali, ya karɓa, ga resi ga saƙon murya, tol babu kuɗɗi babu, wannan cin amana ne kuma ana shigar da ƙara a kai wurin 'yan sanda ko jandarma. Shi ya sa duk kuɗɗin da ka aika ka bi su da saƙo, "ga jikka kaza na abu kaza". Amma mutum cikin kaso ba shi ɗora bulo. Sau da yawa amfanin sammaci shi ne danginshi su taso a zauna a yi takardar biya wata-wata, in ka samu haka karɓi. In miliyoyi ne ɗauki lauya ka tafi kotu. In kuwa abin da ka biyo shi jikka 150 ne, ka lissafa wisiye da zirga-zirga da ranakun aikin da za ka rasa kafin ka ɗaura ɗamara, wataƙila kuɗɗin sun fi amfani a kan rufinka.

Zuciya za ta raya maka ka sa hotonshi Facebook ko gurup na WhatsApp ka rubuta ɓarawo, kada ka yi. Dokar laifukan intanet ta 2019 na nan, kuma a 2024 an maido hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet, sai ka wayi gari kai mai gaskiya kai ne ake kira. Kada kuma ka kama babur ɗinshi ko ka tura samari su ɗauko shi. Kayan aikin da ya bari gidanka, buruwet da shebur da katako, a rubuta su gaban shaidu ka ajiye, kada ka sayar.

'Yan'uwa da ke waje, Abijan, Kwatano, Libiya, musamman mutanen Adar da ke gyaran gidan tsohuwa a Tawa ta waya, ku naku ya fi wuya, don wani lokacin ba mason ne kaɗai ke ci ba, da ɗan'uwan da anka ɗora kan aikin ake rabawa, shi kuma ba ka iya kai shi ko'ina. Mai riƙon kuɗɗi daban mai duba aiki daban, kuma kada su zama 'yan ɗaki guda. Na siminti ka aika wa mai shago kai tsaye. Hoto kada ka yarda da shi, ana ɗaukar bangon maƙwabci, kiran bidiyo, a fara daga ƙofar gidan da ka sani a shiga da kai har ɗakin.

In ta kai ga kawo sabon maso, je ka ga aikinshi, ba wanda shike kai yanzu ba, wanda ya gama ya sha damina biyu, ka yi magana da maigidan ba shi wurin, ka tambaya ko ya gama lokacin da ya ce. Karɓi debi ukku, wanda ya fi sauran araha sosai ka ji tsoronshi, irinsu ne ke karya kuɗɗi don su samu abans sannan a tsakiya su tsaya. Zai so shi rushe duk abin da na farko ya yi, bari teknisiye shi faɗi abin da za a rushe, kuma ka gwada shi da ɗaki guda tukun.

Sannan ka duba wata. In kana Afrilu ko Mayu gida a kware, manta da karo da fenti, duk abin da ke hannunka ka zuba a rufi da magudanar ruwa, don iskar da ke zuwa gaban ruwan farko ita ke ɗauke tol ɗin da ba a ɗaure da kyau ba, kuma ruwan Agusta bisa bangon laka kowa ya ga abin da ya yi a 2020 da 2024. Tol a ɗaure katakonshi ko ƙarfenshi cikin shenaj, ba a ɗora mishi duwatsu ba. Sauran aiki na iya jira har Nuwamba, lokacin leburori sun dawo daga girbi, sanyi ya fara, siminti ma ya fi son haka.

Ranar karɓar aiki kada ka karɓa da dare ko kana sauri. Da rana, kai da teknisiye da takardar nan a hannu. Kunna kowace fitila, sa caja cikin kowace piriz, buɗe kowane famfo, ja ruwan wese, buɗe ƙofa da taga ka rufe. Karo ka bi shi kana ƙwanƙwasawa da kan makulli, wanda ya yi ƙarar kogo babu siminti ƙarƙashi, fashewa zai yi, a sa mishi alama. Zuba bokiti biyu a dush ka ga ko ruwa ya nufi rariya ko ya nufo ɗaki. Dal ta sama a toshe magudana a tara ruwa kwana biyu a duba daga ƙasa. Abin da anka samu a rubuta a ba shi mako shi gyara, ka karɓi makullanka duka har da na ƙofar baya, ka biya kashin ƙarshe. Kashi 10 ɗin da ka riƙe kuwa ku sa mishi rana cikin takarda, bayan ruwa ukku masu ƙarfi in rufi ne, wata ukku in sauran aiki ne, ran da ta cika ka kira shi da kanka ka ba shi abinshi cif gaban shaidun nan biyu, shi sa hannu ya karɓa.